Kocin rayuwa na masu sikila a Sakkwato, abin da na gani bayan na biya kuɗɗina

'Yan uwana masu sikila da dama suna ta tambayata ko shirin nan na kocin rayuwa, wato mai taya ka tsara al'amuran rayuwarka, da nike yi ya kai kuɗɗin da ake biya, to ga amsa tun kafin zance ya yi tsawo. Zaman da kuke yi kai da matar da ke kocin ku biyu ya kai har ya wuce. Littafin da suke turo ma a waya sai an yi hattara da shi. Guruf ɗin WhatsApp kuwa ya danganta da wanda ya tashi da surutu ranar. In maki ne 3 da rabi cikin 5 zan ba su. Ba zan kama sunan matar ba, ba zan kama na shirin ba, don akwai ƙorafi cikin maganata kuma ba tozarta kowa nike son yi ba, duk mai zuwa kilinik ɗin jini a garin nan da wuya bai taɓa jin labarinta a bakin layi ba.

Ni SS ne, na haura ashirin da 'yan kai, na ƙare karatu, ina da ɗan shagon POS da cajin waya a Mabera. Yayana ne ya fara biya min, daga baya ni na ci gaba da biya da kaina, wannan kaɗai ya isa ya nuna ma cewa ban raina abin ba.

Yadda abin yake, kowane mako akwai kira ɗaya na WhatsApp kai da ita, bai cika kai awa guda ba. Tana ba ka ɗan aikin da za ka yi kafin mako mai zuwa, sai guruf na kowa da kowa, sai littafi na PDF. Ita ba likita ba ce kuma tun ranar farko take faɗa ma haka, ba ta rubuta magani, ba ta cewa ƙara ko rage, in ka tambaye ta zancen haidroksiyuriya, maganin rage tashin ciwon sikila, ko PCV ɗinka, wato awon yawan jininka, sai ta ce rubuta tambayar ka kai ma likitanka ranar kilinik, mako mai zuwa kuma sai ta tambaye ka mi likita yac ce. Da farko abin ya riƙa ba ni haushi, nic ce to mi nike biya ke nan. Amma a garin da kowa likitan sikila ne, daga mai kemis har gwaggonka har direban da ya ɗauko ka daga Kwannawa, samun mutum guda da ya san iyakarsa ba ƙaramin abu ba ne.

Anti, haka muke ce mata dukanmu, Basakkwata ce amma ta jima a Ingila, can ta koyi aikin, kuma ba da masu sikila ta fara ba, da matasa masu wata cuta da ake kira sistik faibrosis ta fara. Dole in ɗan tsaya nan don rabin abin da zan yaba da rabin abin da zan kushe duk daga nan sunka fito. Ita wagga cuta gado ce kamar tamu, sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita sannan ɗa ke iya fitowa da ita, kuma lissafin ɗaya ne da na AS da AS, kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4. A 1989 anka gano ƙwayar gadon da ke jawo ta, CFTR ake ce mata. Amma aikinta a jiki daban yake da namu kwata-kwata. Mu jini ne ke lanƙwashewa ya toshe ƙananan jijiyoyi, ƙwayar jinin da ya kamata ta yi kwana 120 tamu ba ta wuce 10 zuwa 20, shi yas sa kullum muke cikin ƙarancin jini ido ya yi ɗorawa. Su kuwa majina ce ke yi musu kauri ta danƙare a huhu ta toshe hanyar da ruwan narkar da abinci ke bi ya zubo hanji, sai ƙwayoyin cuta su samu wurin zama a ƙirji, abinci kuma ya wuce bai narke ba. Zufarsu gishiri ne da ita sosai, har da zufar ake gwajin gano cutar. Ta fi yawa cikin Turawa musamman 'yan asalin arewacin Turai. Kullum sai sun yi atisayen fitar da majina, sai sun sha ƙwayoyin narkar da abinci irin su Creon duk sanda za su ci wani abu. A da yawancinsu ba su kai girma, yanzu suna kaiwa, balle da Amurka ta amince da maganin Trikafta a 2019, wanda kuɗɗinsa na shekara ya haura dala dubu 300. To da yaran sunka fara girma sai tambaya ta taso, wanda anka rena da tunanin ba zai jima ba ga shi ya kai 25, ina zai dosa, wane aiki zai yi, zai yi aure ko a'a. Daga nan irin wanga aiki na koci ya samu kasuwa a can.

Wannan tambaya ita ce tamu sak, kuma nan ne Anti ta ci kuɗɗinta halal. Duk wanda ya tashi da sikila a gidan Hausawa ya san yadda ake renonmu, kar ka ɗauki bokiti, kar ka yi ƙwallo, bar shi ba shi da lafiya, ana son ka ne wallahi amma sai ka wayi gari kana da gemu ba ka san sunan maganin da kake sha ba don Inna ke ɓallo ma shi ta miƙo da ruwa. Aikin farko da ta ba ni shi ne in rubuta a takarda guda, jinotayif ɗina, rukunin jinina, PCV ɗin da nike zama a kai in ina lafiya, magungunan da nike sha da awonsu, maganin da ba ya karɓata, lambar katina ta asibiti, da lambar mutum biyu da za a kira. Ɗaya a aljihu ɗaya a hoto cikin waya. Da nic ce mata ai Inna ta san duk wannan, sai tac ce ƙanena in ciwo ya tashi ma a Illela ko a motar Gusau Inna za ta fito daga aljihunka ne. Tac ce a can haka ake yi wa masu sistik in za su bar asibitin yara su koma na manya, ana ɗaukar lokaci ana koya musu riƙe nasu al'amarin kafin a sake su. Mu nan ranar da kawai aka ga ka yi tsawo sai a ce koma wancan ɓangaren, shi ke nan. Wannan darasi ta ɗauko shi daga can kuma ya zauna daidai, ba ni da ta cewa.

Abu na biyu da ya yi min amfani shi ne zancen sana'a. Ita ba ta yi min wa'azin kai ma za ka iya komai ba, wanda ni na gaji da ji, don ba komai zan iya ba, ba zan iya kabu-kabu da tsakar rana a watan Afrilu a Sakkwato ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wanda duk ya ce zan iya bai taɓa jin ƙashinsa na sara ba. Tambaya take yi. Wane lokaci cikin shekara ciwon ya fi tashi, nic ce hunturu da ƙarshen bazara da ranar da ruwan sama ya taɓa ni. In ka kwanta wa ke buɗe shago, nic ce ba kowa. To kwastomanka ina suke zuwa, nic ce wajen na gaba da ni, wasu ba su dawowa. Daga nan munka tsara in koya wa ƙanena aikin tun ina lafiya, da littafin shiga da fita da iyakar kuɗɗin da zai iya fitarwa bai kira ni ba, in riƙa ba shi wani abu ko da ban kwanta ba don kar ya zama sai ranar wuya nike nemansa. Sannan kuɗɗin ciwo daban, asusu daban wanda ba a taɓawa ko da biki ya taso, kullum in rufe shago in jefa wani abu. Ba wata dabara ce daga sama ba, kowace tsohuwa mai adashe ta san ta, bambancin kawai akwai mai tambayarka kowane mako ka zuba ko ba ka zuba ba, kuma kunyar ka ce mata a'a tana aiki fiye da niyya. Ta kuma matsa min in je in tambayi yadda ake shiga inshorar lafiya ta jiha, SOCHEMA, in ji mi take ɗauka mi ba ta ɗauka daga bakinsu ba daga bakin majalisa ba.

Akwai wata 'yar guruf ɗinmu da za ta tafi bautar ƙasa, da ita Anti ta zauna sunka haɗa takardun asibiti tun kafin a fitar da sunaye, don NYSC na ba mai larura irin tamu damar neman a maido shi kusa da gida, kuma sunka yi atisayen yadda za ta faɗa wa jami'an sansani cewa ba za ta iya faretin rana ba ba tare da ta yi kamar roƙo take ba. Wannan atisayen magana ana yawan yin shi, ita ta zama oga ko malamin jami'a ko uban budurwa, kai kuma ka faɗi abin da ke bakinka, in ka fara inda-inda ta ce sake. Da farko abin dariya yake ba ka, ka riƙe waya a ɗaki kana cewa ranka ya daɗe ina da sikila, amma ranar da za ka faɗa da gaske sai ka ji bakinka ya riga ya saba.

To sai littafin. Nan ne raina ya ɓaci. Littafin na masu sistik ne anka ɗauko anka juya shi Hausa da Turanci, inda sunan cutarsu yake anka sa sikila, wasu wuraren ma an manta ba a canza ba. In da matsalar ta tsaya ga suna da ban damu ba, amma akwai shawarwarin da su nasu ne, mu kuwa za su iya cutar da mu. Akwai shafin da ke cewa lokacin zafi ka ƙara gishiri a abinci ka riƙa cin kayan gishiri-gishiri. Su gaskiya ne, gishirinsu zuba yake a zufa. Mu ruwa ne matsalarmu, ƙodar mai sikila ba ta iya riƙe ruwa yadda ya kamata shi yas sa muke yawan fitsari muke saurin bushewa, abin da likitoci ke nanata muna shi ne sha ruwa sha ruwa, lita 3 zuwa 4 a yini ga babba, ban taɓa jin likitan da yac ce min ƙara gishiri ba, ƙodar ma lallaɓa ta muke. Akwai shafin motsa jiki da ke cewa ka yi gudu har sai numfashinka ya hau ka yi tari, su haka ke fitar musu da majina, kai kuwa mai SS yi haka a filin ƙwallo da la'asar ka ga inda za ka kwana. Namu motsa jikin a hankali ne, tafiya, miƙa, ka huta kafin ka gaji, ruwa a hannu. Akwai ma wani wuri da ke maganar yawancin maza ba su iya haihuwa sai da taimakon asibiti, wannan na masu sistik ne don mafi yawan mazansu ana haihuwarsu babu bututun da ke ɗauko maniyyi, ba zancenmu ba ne, amma wani yaro a guruf ya karanta ya yi kwana da kwanaki bai yi magana da kowa ba. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, to wanga littafi haka yake.

Na yi mata magana kai tsaye, nic ce Anti wannan shafi na gishiri in wani ya bi shi fa. Ta karɓa ba ta yi musu ba, ta sanar a guruf cewa a tsallake waɗannan shafuka kuma za ta ba likitan jini ya duba littafin duka. Sanarwar ta yi, gyaran ne har yau da nike rubutun nan ban gani ba, sabbin shiga kuma tsohon littafin ake tura musu. Wannan shi ya cinye maki ɗaya cur.

Wani abin da anka kwaso daga can ba a duba ba shi ne rashin haɗuwa ido da ido. Masu sistik ba a son su zauna wuri ɗaya, ana ce musu su bar tazarar ƙafa 6 tsakaninsu don suna iya sa wa juna ƙwayoyin cutar huhu masu wuyar magani, shi yas sa kusan duk taronsu ta intanet ne. Mu ba mu da wannan matsala, sikila ba a ɗaukarta a numfashi, a benci ɗaya muke zama ranar kilinik a UDUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko asibitin Specialist muna ba juna labarin wanda ya kwanta da wanda anka sallama. Amma shirin komai waya, komai kira. Ga netwok ɗin garin nan in hadari ya taso, ga wuta, ga data, ga wanda ɗaki ɗaya yake kwana da ƙannensa huɗu ina zai samu wurin da zai yi zancen sirrinsa a waya, ni kaina sau da yawa cikin shago nike rufe ƙofa in yi. Mun roƙa a riƙa haɗuwa ko sau ɗaya a wata bayan la'asar, ko a harabar wata makaranta ce, an ce ana dubawa.

Abubuwan da babu su a littafin kwata-kwata su ne namu na nan, kuma abin mamaki a bakinta ta fi kowa iya su. Azumi misali. Ramadan na 2024 da na 2025 duk cikin Maris sunka kama, na 2024 har ya shiga Afrilu, kowa ya san mi wannan ke nufi a Sakkwato. Mai sikila da ya wuni bai sha ruwa ba a wannan zafi yana kiran ciwo da hannunsa, amma kuma ka zauna kana cin abinci ƙannenka ƙanana na azumi, ga masu cewa ai ga ka nan garau, wannan nauyi ne da Bature mai rubuta littafi bai san da shi ba. Ba ta yi fatawa ba, tac ce tambayoyi biyu ne, ɗaya ta likita ɗaya ta malam, je ka ji daga kowanne. Likita yac ce a yanayina kar in yi, malam ya karanto min ayoyin Baƙara da sunka yi wa mara lafiya rangwame ya yi min bayanin ciyarwa ga wanda cutarsa ba a sa ran rabuwa da ita. Abin da ni da Anti munka yi aiki a kai shi ne abin da ya rage, yadda zan faɗa wa abokai ba tare da na tsaya kare kaina ba, inda zan sha ruwana a shago ba a idon mutane ba, da yadda zan tara kuɗɗin ciyarwar tun daga Rajab. Haka zancen alwalar asuba da hunturu, ruwan randa a watan Janairu ya sha kwantar da ni, yanzu filas na ruwan ɗumi nike kwana da shi kusa da katifa, da safa da rigar sanyi kafin in fita masallaci. Ƙaramin abu ne amma sai da wani ya zauna da ni munka bi yinina daga asuba zuwa kwanciya sannan ya fito fili.

Sai aure, wanda shi ne kowa ke shiga shirin dominsa ko da bai faɗa ba. Lissafin ba wuya, mai SS in ya auri AA duk 'ya'yan AS za su zama, in ya auri AS kowane ciki rabi da rabi ne, in AC ce kuma ana iya samun SC wadda ita ma sikila ce, mutane na mantawa da wannan. Kano ma ta yi doka a 2024 ta wajabta gwaji kafin aure har da na jinotayif. Wuyar ita ce yaushe za ka faɗa, ranar farko ka kore ta, ko sai an shaƙu a ce ka yi yaudara. Ra'ayin Anti shi ne kafin magana ta kai ga manya kuma kafin ka fara kashe kuɗɗin da za ka ji ciwonsu, kuma ka faɗa da bakinka kar ta ji a unguwa, don a garin nan ko ba ka faɗa ba wata maƙwabciya za ta faɗa ta ƙara da cewa ba su wuce shekara kaza. Ta kuma nace a sake gwajin a asibitin da anka yarda da shi ku biyu tare, ba takardar da wani ya zo da ita a aljihu ba, mun san gidajen da anka yi aure da takardar AA sai ga ɗan fari SS. Ni ban yarda da ita ɗari bisa ɗari ba a nan, ina ganin ga mata abin ya fi haka tsauri, namiji mai sikila in yana da sana'a ana ba shi mata, mace kuwa dangin miji tun kafin su gan ta sun fara lissafin kuɗɗin asibiti da zancen ko za ta iya haihuwa, kuma 'yan matan guruf ɗin sun faɗa cewa shawarar faɗi da wuri su ta fi ƙonawa. Ta saurare su, amma amsar da ta gamsar ban ji ba, watakila ma babu ita.

Inda na fi jinjina mata shi ne zancen allura. Kowa cikinmu ya san wani da penta, allurar kashe ciwon nan mai kama jiki, ta kama, tun ana yi mishi don ciwo har ya koma shi ke soka wa kansa a ɗaki, cinya duk ta ƙulle ta yi gyambo, kuma kowa ya san ɗaya gefen, ka je asibiti kana murƙususu a dube ka a ce ɗan ƙwaya ne. Ba ta ɓoye ko ɗaya ba. Tana tambaya kai tsaye, wa ke yi ma allura, sau nawa, likitanka ya sani, ba da faɗa ba ba kuma da kallon banza ba, in ta ga abin ya wuce aikinta ta ce wannan na likita ne ta taya ka shirya yadda za ka faɗa mishi. Haka ta ja min kunne kan dikulofenak da nike saye a kemis in watsa duk sanda na ji ɗan sara, nic ce ai ba ƙwaya ba ce, tac ce tambayi likita abin da take yi wa ƙoda da ciki, na tambaya, na rage. Da maza kuma tana taɓo abin nan da ba mu iya faɗa wa kowa, gaba ta miƙe da ciwo ba sha'awa ba ta ƙi kwanciya, yawanci da dare, da yawa suna zaune da shi don kunya har ya yi musu illa ta dindindin alhali abin gaggawa ne na asibiti. Da yake ita mace ce wasu ba su sakin jiki, ni ma sai da na yi ta kewaye-kewaye, ya kamata a ce akwai namiji a shirin ko don wannan kaɗai.

Guruf ɗin ba zan daɗe a kansa ba. Ranar da wani ya kwanta ana neman jini yana da rana, cikin ɗan lokaci za ka ga an samu mai zuwa. Sauran ranaku fowadin ne, da masu tallar maganin gargajiya mai maida SS ya koma AA, wanda ƙarya ce tsagwaronta, abin da ke raba mutum da sikila dashen ɓargo ne, wanda anka fara yi a Nijeriya a Benin a 2011, sai sabon maganin gyaran ƙwayar gado Casgevy da Ingila da Amurka sunka amince da shi a ƙarshen 2023 kan kuɗɗi sama da dala miliyan 2. Ana goge tallar amma sai ta kwana ta wuni tukuna. Akwai kuma masu ba da shawarar maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, alhali wanda anka sha yi wa ƙarin jini ƙarfen ma yawa yake yi mishi a jiki. Admin ɗaya ba ya isa.

Kuɗɗin wata kusan daidai yake da abin da nike kashewa kan haidroksiyuriya da folik asid da Paludrine na rigakafin maleriya in an haɗa, ga wanda ke da abin yi ba zai gagara ba, ga ɗalibi ko wanda gidansu ke fama da kuɗɗin magani yana da nauyi. In zaɓi ne tsakanin magani da koci ba sai an tambaya ba, magani, ita ma haka take cewa. Ana ragi ga ɗalibai amma sai ka tambaya, ba a sanarwa, wannan ma bai yi min ba don masu kunyar tambaya su ne sunka fi buƙata. In ka kwanta asibiti ka rasa zama ana ɗaga ma shi ba a cinye kuɗɗinka, nan sun kyauta. Amsar saƙo kuma tana jinkiri, wani lokaci sai gobe, kar wanda ya ɗauka layin gaggawa ne, zazzaɓi ya kai 38 ko ƙirji ya riƙe ko numfashi ya yi wuya ko gefen jiki ya saki asibiti za ka nufa ba WhatsApp ba.

A ƙasar da ake ƙiyasin ana haihuwar jarirai kusan dubu 150 da sikila duk shekara, mafi yawa a duniya, abin kunya ne a ce littafin da za a koya muna zaman duniya da shi sai an aro na wata cuta daga Ingila, amma wannan ba laifin Anti ita kaɗai ba ne, ita dai ta fara wani abu. Wanda zan ce ya shiga shi ne wanda ya kai 18 zuwa sama, ciwonsa ya ɗan lafa yana zuwa kilinik, amma ya tsaya cak, ba karatu ba sana'a ko yana da su bai san yadda zai haɗa su da jikinsa ba. Wanda ke cikin baƙin ciki mai tsanani har yana tunanin mutuwa likitan ƙwaƙwalwa yake buƙata, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Kware nan kusa, koci ba zai iya wannan ba. Iyaye kuma don Allah in kun biya wa ɗanku kar ku zauna kusa da shi lokacin kiran, kar kuma ku kira ta daga baya kuna tambayar mi yac ce, ba za ta faɗa muku ba, an gwada.

Ni na sabunta na wata mai zuwa, amma na ce a cire ni daga guruf a bar min kiran kawai, kuɗɗin dai ba a rage ba. In za ka shiga ka tambaye su tun kafin ka tura kuɗɗi ko an gyara littafin, in sun ce an gyara ka ce wane likita ya duba, in ba a gyara ba ka karɓa ka kai wa naka likitan ranar kilinik ya ja layi kan shafin gishiri da na gudu da na haihuwa kafin ka karanta sauran.